Ruwan Rijiyar Fassi: Ɗumi Da Hunturu, Sanyi Da Bazara

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi Fassi, a ƙasar Kibiya maƙwabciyar Rano, cikin watan Janairu, ya kuwa yi sammako ya je bakin rijiya, ya riga ya san abin da za mu faɗa. Hazo ya rufe gari, iska tana busowa daga arewa maso gabas, yara sun takure cikin riguna bibbiyu, leɓe ya tsattsage. Ruwan da ya kwana a bokiti a tsakar gida, in ka tsoma hannu sai ka ji kamar an sare ka. Amma da guga ya fito daga rijiya sai ka ji ruwan da ɗumi, wata rana har ka ga ɗan tururi yana tashi daga bakinsa. Dattawa da yawa sun fi son su yi alwalar asuba da wanda aka jawo yanzu. To, bari wata uku ya wuce, ka koma wannan rijiya da azahar cikin Afrilu, sa'ad da ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Ruwan nan da ka bari da ɗumi za ka tarar da shi da sanyi mai daɗi.

Mun sha tambayar ɗalibai masu koyon aikin malanta dalilin wannan. Mafi yawansu su kan ce rijiya ce ta ke ɗumama ruwanta da hunturu, ta sanyaya shi da bazara, ikon Allah. Ikon Allah ne kam, ba mai musu. Sai dai ruwan bai sāke ba ko kaɗan. Iskar da ke bisa ce ta sāke, da hannun mai taɓawa. Ruwan yana nan inda ya ke, rani da damina, dare da rana.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, a ƙasashen sanyi an gina babbar sana'a a kan wannan ɗan sirri na rijiya. Akwai gidaje miliyoyi a Turai da Amurka da ƙasar Sin waɗanda da ɗumin ƙasa a ke ɗumama su, cikin ƙasa kuma a ke zubar da zafinsu in lokacin zafi ya zo. Ba da daɗewa ba wani zai shigo ofishinku da takarda mai hotuna, ya ce a saya wa asibiti ko makaranta. Ya kamata malaman ofis masu rubuta kiyasin gine-gine, da malaman makaranta waɗanda su ne ke shan zafin ajin, su san yadda abin ya ke, da inda zai yi mana amfani, da inda ba zai yi ba.

Ina Zafin Rana Ya Ke Tsayawa?

Ƙasa ba ta saurin ɗaukar zafi, ba ta kuma saurin sakinsa. Rana ta kan gasa fuskar ƙasa tun hantsi har la'asar, amma kafin zafin ya nutsa kamu ɗaya ko biyu dare ya yi, sama ta huce, sai ya juyo. Saboda haka in ka haƙa rami ya kai ƙugunka, bambancin dare da rana ya kusa ɓacewa a gindinsa. Bambancin hunturu da bazara ya fi wannan nutso, don watanni ya ke yi yana tafiya, amma shi ma yana da iyaka. Wajen mita goma, watau gaba biyar ko shida a lissafin masu haƙar rijiya, ya ƙare. Daga nan ƙasa ba ta san wata ba, ba ta san shekara ba.

To, a wane zafi ta ke tsayawa? A kan matsakaicin zafin garin na shekara duka, da ɗan ƙari. A ƙasar Kano, in an haɗa dare da rana, hunturu da bazara, aka raba, a kan sami wajen digiri 26 a ma'aunin Salshiyas. Ruwan rijiyoyinmu kuwa ya kan ɗara haka kaɗan, tsakanin 27 da 30. Da asubar hunturu iska ta kan sauka 13 ko ƙasa da haka, don haka ruwa mai 28 ya zama ruwan ɗumi. Da azahar ta Afrilu iska ta kan kai 40, sai ruwan nan dai mai 28 ya zama ruwan sanyi. Ku riƙe wannan lamba ta 28, gama za mu komo kanta, kuma a kanta hukuncin duka ya rataya.

Waɗanda suka taɓa kai yara yawon buɗe ido Yankari, a Jihar Bauci, sun ga babban misali. Maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa daga gindin dutse da zafin digiri 31, ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, shekara ta zagayo. Ta ɗan fi rijiya ɗumi domin daga nesa ƙasa ruwanta ya ke tasowa, kuma kowace kilomita guda da aka nutsa zafin ƙasa ya kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. Akwai wuraren da wutar cikin ƙasa ta matso kusa ƙwarai, kamar Olkariya a Kenya, inda tun 1981 a ke juya injin lantarki da tururin da ke fitowa daga rami. Wannan wani sha'ani ne dabam, ba shi mu ke zance ba. Namu ba ya bukatar dutse mai aman wuta. Ƙasar bayan gidan kowa ta isa.

Famfon Zafi

Kowa ya san ruwa ba ya hawa tudu sai da famfo. Haka zafi ya ke: daga mai zafi ya ke gangarawa zuwa mai sanyi, ba ya komawa baya don kansa. Injin da ke tilasta masa ya hau, watau ya bar wuri mai sanyi ya tafi wuri mai zafi, shi mu ke kira famfon zafi. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun daɗe da saninsa. Firjin mai sayar da ƙanƙara famfon zafi ne. Ku zagaya bayansa ku taɓa waɗannan baƙaƙen ƙarafa, za ku ji su da zafi. Zafin ruwan da ke ciki ne aka kwaso aka zubar a waje. Na'urar sanyaya ɗaki ma haka ta ke yi, shi ya sa wanda ya tsaya kusa da rabinta na waje ya ke jin hucin iska.

Dabarar biyu ce, kuma kowane malami yana iya nuna su a aji. Ta fari, ruwa in zai zama iska sai ya sha zafi daga abin da ke kusa da shi. Shi ya sa wurin da malamin asibiti ya goga da auduga kafin allura ya ke yin sanyi, shi ya sa kuma gumi ya ke sanyaya jiki. Ta biyu, iska in an matse ta sai ta yi zafi. Ku ba yaro famfon keke ya yi ta bugawa, sa'an nan ya taɓa gindinsa. To, cikin injin akwai wani ruwan magani mai tafasa tun yana da sanyi. A gefe guda a kan sake shi ya zama iska, ya sha zafin wurin. Sai wani ƙaramin inji ya matse iskar ta yi zafi ƙwarai, a tura ta ɗaya gefen ta saki zafin, ta koma ruwa, a sāke zagayowa. In an juya hanyar da wani ɗan makunni, gefen da ke sanyi ya koma mai zafi. Inji ɗaya ke nan, ya ɗumama ɗaki da hunturu, ya sanyaya shi da bazara.

Ribar abin a nan ta ke: injin ba ya ƙirƙirar zafi, dako kawai ya ke yi. In ka ba rishon lantarki awo ɗaya na wuta, awo ɗaya na zafi zai ba ka. In ka ba famfon zafi awo ɗaya, ya kan ɗauko maka awo uku, ko huɗu, wani lokaci biyar. Amma yawan abin da zai ɗauko ya danganta ga tsawon tudun da zai hau da shi. Tudu in ya yi tsawo, ɗan dako ya kan rage kaya.

Nan ne ƙasa da ruwa suka shigo. Maimakon injin ya yi ciniki da iskar waje, wadda ta fi kowa sanyi ran da a ke neman ɗumi, ta kuma fi kowa zafi ran da a ke neman sanyi, sai a haɗa shi da ƙasa wadda ba ta sākewa. Hanyoyin uku ne. Ko a binne dogon bututun roba cikin kwalbati mai zurfin mita ɗaya zuwa biyu, ruwa yana zagayawa cikinsa bai taɓa fita ba. Ko a haƙa rami irin na rijiyar burtsatse, mita 50 zuwa 150, a saka bututun ya sauka ya hawo, a cike ramin. Ko kuwa a jawo ruwan rijiya, ko na kogi, ko na tafki, ya bi ta cikin injin, a mayar da shi. Ruwa gwani ne wajen ɗaukar zafi: tulu guda na ruwa yana ɗaukar abin da sai tulu fiye da 3,000 na iska za su ɗauka.

Waɗanda Suka Fara

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani masani na Birtaniya, William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya bayyana ta a 1852. Bayan 'yan shekaru Peter von Rittinger ya yi aiki da ita wajen dafa gishiri a Ostiriya. A 1912 Heinrich Zoelly ya yi rajistar dabarar ɗebo ɗumi daga ƙasa a Suwizalan. Mutanen Suwizalan kuwa suna da dalili, don ba su da kwal, amma suna da koguna masu ba su lantarki. A 1938 suka sa wa zauren majalisar birnin Zurik famfon zafi mai ɗebo ɗumi daga kogin Limmat, kogin da ruwansa da hunturu bai fi na ƙanƙara ɗumi da yawa ba. A Ingila an gwada da kogin Wensum a Norwich a 1945, an kuma gwada da kogin Tems a wani babban zauren taro na Landan a 1951. A Amurka wani dogon bene a Portland ya fara aiki da ruwan rijiya a 1948. Yau Suwidin tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan gidaje masu rami a bayan gida, kuma cikin dutse su ke haƙawa.

Akwai kuma masu neman sanyi zalla. Tun 2004 birnin Toronto na Kanada ya ke jawo ruwa daga zurfin mita 83 cikin tafkin Ontariyo, inda ya ke zaune a digiri 4 kullum, ana sanyaya manyan gine-gine da shi. Ruwa ya fi nauyi a digiri 4, saboda haka in hunturunsu ya sanyaya tafki sai mai nauyin ya nutse ƙasa ya kwanta, rani bai isa ya taɓa shi ba.

Ku lura da abu guda cikin wannan jeri: duk ƙasashen sanyi ne. A Ingila ƙasa tana zaune a digiri 10 zuwa 12. Ran da iska ta sauka ƙasa da sifiri, ƙasa taska ce ta ɗumi. Ran da rani ya yi, ƙasa ta fi ɗakin da a ke so a sanyaya sanyi, zafi ya kusa gangarawa cikinta da kansa. Riba biyu. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce irin waɗannan injuna su kan rage cin wuta da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari in an gwada da na yau da kullum.

To, A Fassi Fa?

Mu komo kan lambarmu ta 28. Mutum yana jin daɗin ɗaki a wajen digiri 25. Ashe ke nan ƙasarmu ba ta kai sanyin ɗakin da mu ke so ba, ta ɗara shi da digiri uku. Ba za a tura iska cikinta ta fito kamar ta firji ba, duk wanda ya gaya muku haka ku riƙe aljihunku. Amma tudun ya ragu ainun. Na'urar da ke bango tana ɗaukar zafi daga 25 ta hau da shi 40, taki goma sha biyar. Wadda aka haɗa da ƙasa taki uku za ta yi, ko da ya ke a aikace ya fi haka, domin ruwan bututun ya kan ɗara ƙasar da ke kewaye da shi zafi, famfon da ke zagaya shi kuma yana cin tasa wutar. Duk da haka ragin na gaske ne, kuma ya fi yawa a ranakun da na'urar bango ta ke nishi ba ta sanyi. Ba ta kuma shan ƙurar hunturu, tun da ba ta da rabi a waje.

Wannan shi ne alherinta. Ga kuma abin da ke gabanta.

Rabin aikinta na ɗumama ɗaki kusan zaman banza zai yi a wurinmu. Sanyinmu na 'yan makonni ne, na dare da safiya, kafin azahar an tuɓe rigar sanyi. Wannan ba asarar kuɗi kaɗai ba ce. A Turai abin da aka zuba wa ƙasa da rani a kan kwashe shi da hunturu, ta koma daidai. Mu kuwa wata tara ko goma za mu yi muna zuba mata zafi ba mu ɗiba. Ƙasar da ke kewaye da ramin sai ta yi ta ɗumama shekara bisa shekara, 28 ta zama 30, ta zama 33, ribar tana zagwanyewa. Maganinsa a ƙara ramuka a nisanta su, watau a ƙara kuɗi.

Kwalbati marar zurfi, wanda shi ne mai araha, yana son ƙasa mai laima. Busasshen rairayi ba ya watsa zafi, rufe shi ya ke yi kamar bargo. Ƙasarmu kuwa ba ta taɓa bushewa kamar a Maris da Afrilu ba, daidai lokacin da a ke bukatarta.

Jawo ruwan rijiya ya fi duka ƙarfi, shi ne kuma ya fi ba mu tsoro. Injin da zai sanyaya ɗaki guda yana son lita 6 zuwa 10 kowane minti, watau kamar jarka ashirin a sa'a ɗaya. Ƙasar Rano da Kibiya a kan tsohon dutse ta ke zaune, ga shi nan ya fito fili a duwatsun Rano. Ruwan da ke ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne da tsagogin na ƙasa, ba tafki ba ne shimfiɗe. Da bazara rijiyoyi su kan ja baya, a ƙara wa guga igiya, mata da yara su yi layi. Gari in yana haka, ba a ɗibar jarka ashirin don ɗakin mutum guda ya yi sanyi. An ce a mayar da ruwan ta rijiya ta biyu. Gaskiya ne, amma mayar da ruwa cikin dutse ya fi ɗebo shi wuya, kuma duk ƙazantar da ta bi shi ta shiga ruwan shan unguwa ke nan.

Abin mamaki, dutsen nan da ya hana mu ruwa shi ne abokin rami mai rufaffen bututu, gama dutse mai tauri ya fi ƙasa watsa zafi nesa. Irinsa mutanen Suwidin su ke haƙawa. Masu injin burtsatse kuwa ba su yi mana ƙaranci ba. Sai dai kuɗin ramin ɗaki biyu ko uku ya isa a ba unguwa guda ruwan sha, kuma bayan an gama duka sai an sami lantarki marar yankewa, ko farantan sola masu yawa, da makanikin da ya san injin.

Wani zai ce, ga Tiga nan kusa, yamma da Rano, me zai hana mu yi irin na Toronto? Madatsar Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana riƙe ruwa kusan mita biliyan biyu na murabba'in cika, ruwa kam ba a magana. Amma tafki ba ya ajiye sanyin da bai taɓa gani ba. Hunturunmu bai isa ya kai ruwa kusa da digiri 4 ba, don haka gindin Tiga ya fi samansa sanyi da kaɗan ne kawai. Zai yi wurin zubar da zafin inji ga babban gini da ke bakin ruwa. Ba zai yi sanyi kyauta ba.

Hukuncinmu dai shi ne: famfon zafi na ƙasa ya cancanci a gwada shi a babban asibiti, ko ɗakin ajiye magani, ko masauki a bakin madatsa, wuraren da dole a sanyaya su dare da rana, kuma da ma ana ƙona man janareta a kansu. A nan ragin kashi ɗaya cikin huɗu kuɗi ne masu kauri. Amma gidan manomi a Fassi, ko ajin firamare, ba nan ne mafarinsu ba.

Abin Da Magina Suka Sani

Ba mu ce a naɗe hannu ba, domin wahalar tana nan. Mun taɓa shiga wani aji a wani ƙauye na kudancin Kano da ƙarfe ɗaya na rana cikin Afrilu. Bangon bulo ne siriri, rufin kwano ba sili, tagogi biyu an toshe ɗaya. Yara sun fi sittin, rabinsu sun kifa kai a kan benci, malamin yana rubutu gumi yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ba mu iya rubuta masa laifi ba. Kwano a tsakar rana ya kan wuce digiri 60, yana kuma sauke wannan zafi a kan duk wanda ke ƙarƙashinsa. Watannin nan kuwa su ne na shirin jarrabawa. Zafin ma ba raguwa ya ke yi ba: ran 3 ga Afrilu 1924 ba mu da labari, amma ran 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, cikin azumi.

Da hunturu kuma wata wahalar ce. Ɗakin kwano ba ya riƙe ɗumi, sai a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa a toshe taga. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, barci ta ke sa mutum ya zarce. Malamai su riƙa faɗa wa yara wannan kowace shekara kafin sanyi ya shigo, su kuma kai gida.

Daga wancan aji muka taka zuwa zauren mai unguwa, tsohon soro, muka zauna a kan dakali. Kamar an shiga wata ƙasa. Dalilin kuwa shi ne dai dalilin rijiya. Bango mai kaurin kamu guda, na tubali da jar ƙasa, da rufin azara da aka danne da ƙasa, yanki ne na ƙasa aka ɗaga aka kewaye mutum da shi. Zafin azahar ya kan yi kusan rabin yini kafin ya ratsa shi. Da hunturu ɗumin rana ya iso ciki da tsakar dare, daidai lokacin da a ke nemansa. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, gidan Baturen da ya fara makarantar boko a can a 1909, na ƙasa ne, yana nan tsaye.

Ba za mu ɓoye aibin soro ba, don mun kwana cikinsa. Da bazara zafin da ya tare da rana da dare ya ke sakinsa, sai an fito da tabarma tsakar gida. Yana son yaɓe kowace shekara, in an yi sakaci da indararo ruwan Agusta ya kawo shi ƙasa. Giginya kuma ta yi wuya. Tagoginsa ƙanana ne, aji kuwa yana son haske. Mutane ba don wauta suka koma kwano ba.

Amma an sami masu gyara. A Gando ta Burkina Faso, wani ɗan garin mai suna Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa matsattse. Ya yi mata rufin ƙasa, sa'an nan ya ɗora kwano can bisa a kan ƙarafa, ya bar fili tsakani. Kwanon yana tare ruwa da rana, iska tana ratsawa ta kwashe zafinsa kafin ya sauko. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ita ce babba cikin sana'ar zanen gini. A Dandaji, garin Hausawa a Jamhuriyar Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen tubali, aka gama a 2018, da hannun maginan wurin.

Akwai kuma wata dabara tsakanin soro da inji, wadda mu ke ganin ta fi dacewa da makarantun sana'a su gwada. A binne bututu mai faɗi, mita 30 zuwa 40, a zurfin mita biyu, bakinsa ɗaya a inuwar itace, ɗaya cikin ɗaki, a sa ƙaramar fanka mai aiki da sola ta jawo iska. Iskar da ta shiga da 40 za ta fito kusa da zafin ƙasar, watau talatin da 'yan kai. Ba sanyin firji ba ne, amma wanda ya zauna ƙarƙashin kwano ya san darajar digiri bakwai ko takwas. Da asubar hunturu kuma ɗumi za ta kawo. A karkata bututun don raɓar da ke taruwa ciki da damina ta sami mafita, in ba haka ba zai yi fumfuna, a kuma sa raga a bakinsa saboda ɓera da maciji.

Kada a haɗa wannan da sanyin randa. Randa gumi ta ke yi, iska tana busar da shi, don haka ruwanta ya kan fi na rijiya sanyi in iska ta bushe. Da wannan ne marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a Dutse ta Jigawa, ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi tsakani, tumatir da tattasai su yi mako uku ba su lalace ba, har aka ba shi lambar Rolex a 2000. Da damina in iska ta jiƙe randa ta kan rage sanyi. Ƙasa ba ruwanta da wannan.

Malaman ofis, in kiyasin sabon aji ya zo gabanku, ku duba ko an sa sili, ku duba tagogi suna fuskantar juna, ku duba kwanon fari ne ko mai duhu, baranda ta kare bangon yamma ko ba ta kare ba. In an ce a rage kuɗi, sili a kan fara sokewa, alhali shi ne ya fi kome araha cikin abubuwan da ke raba kan yaro da wuta. Darbejiya biyar a yammacin aji ba ta shiga kiyasi ma sam.

Malaman makaranta kuwa, ga aikin da ba ya cin kome sai ma'aunin zafi guda, irin na ɗakin kimiyya. Ran ɗaya ga kowane wata, da ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe biyu na rana, a sa yara su auna wuri biyar: iskar inuwa, cikin aji, cikin wani soro na maƙwabta, ruwan randa, da ruwan rijiya. Su rubuta a bango, su ja layin kowanne har shekara ta zagayo. Duk injiniyan da zai zo haƙa rami a ƙasar Kibiya, lambar da zai fara nema ita ce ta layi na biyar, kuma yaran aji shida suna iya riga shi samunta. Ruwan rijiyar a auna shi cikin guga da zarar ya fito, kafin iska ta taɓa shi, a bar ma'aunin ciki minti biyu. Kada a zura ma'aunin cikin rijiya da zare. Mun yi haka sau ɗaya, kuma yana can har yanzu.